Wa Ke Kunna Na'urar Bayan Na Kulle?

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Da ɗumi na sami na'urar.

Jiya da yamma ni na kashe ta da hannuna, na zare makulli na rataya a wuya. Da shi na yi wanka, da shi na kwana. Yau na buɗe kwantenar da take ciki na ɗora tafin hannu a kan murfinta, sai na ji ɗumi. Rana ba ta ma gama leƙowa ta kan tafkin ba, kuma iyakwandishan ya kwana yana aiki. Na tambayi Hemi, mai haɗa mana madubai da wayoyi, ya ce, "Anti, hannunki ne da sanyi." Tuyet, mai kula da lambobinmu, ba ta ɗago daga kwamfutarta ba. Warwick ya yi dariya ya ce in sha shayi tukuna kafin in fara kama ɓarayi.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada gobe a ce mini mafarki na yi. Mu huɗu muka zo gonar tumakin wata mata Merle, muka taho da Tsohuwa, haka muke kiran na'urar. Aikinta ta harba koren hasken lesa sama, hasken ya bugi ƙura ya dawo, ta faɗi nisan ƙurar da kaurinta. A nan guguwar da ke tashi kan busasshen tafkin gishiri take aunawa. In ta ci jarrabawa, irinta za a ɗora a kumbon da zai sauka a duniyar Mars, ta auna guguwar can. Masu dubawa za su zo ran 21 ga wata. Gurbi ɗaya ne a kumbon, kuma akwai wasu a Turai da tasu na'urar, suna jiran mu yi tuntuɓe. Warwick mijina ya ba Tsohuwa shekarun da ya kamata ya ba ni, ban kuma cika yi masa gori ba, sai jefi-jefi.

Ni ce mai kula da tsaro. Makulli ɗaya ne, kuma doka ta ce in hasken ya ji wa wani ciwo, in kashe, in kai rahoto, a rufe na'ura sai an gama bincike. Bincike kuwa watanni yake ci. Kowa ya san haka, shi ya sa ba a cika ja na da hira ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Guguwa ta tashi sosai yau, kuma Tsohuwa ta kama su tsaf, kowace da tsayinta da cikinta a fuskar kwamfuta. Ya kamata in yi murna. To amma tun Larabar da ta wuce saitinta ya karkace, hasken yana fita amma rabinsa ba ya dawowa cikin madubi, Warwick yana shiga yana murɗa notuna yana fitowa, abin yana ƙara lalacewa. Mutumin da ake kira daga wata jiha don ya saita madubi, wai shi ne ya kasa. Yau kuma kwatsam komai ya zauna daram.

Na ce, "Wa ya gyara?"

Hemi ya dubi Tuyet, Tuyet ta dubi ƙuda. Warwick ya ce, "Ita ta gyara kanta, Rae. Tsofaffi haka suke, in kin ƙyale su sai su huce."

Ban yi dariya ba. Noti ba ya murɗa kansa.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Da ɗumi yau ma.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na dare

Merle ta gasa haƙarƙarin rago da dankali ta kira mu babban gida. Matar nan ta haura saba'in, ita kaɗai take riƙe da gonar tun da mijinta ya rasu, kuma ba ta taɓa tambayar mu amfanin auna ƙurar wata duniya ba, sai dai ta ce in ƙura muke so mu zo mu share mata baranda.

Warwick ya ɗauki butar shayi zai zuba mata, ya zuba a kan tebur, gefen kofin. Ba ɗigo ba, ya zuba sosai kafin ya farga. Kafin in buɗe baki Tuyet ta riga ta jefa tsumma, Hemi ya fara wani labarin kawunsa da kifi da muka ji sau ba adadi, Merle ta ce teburin dama yana son wanki. Mutum uku sun tashi tsaye a kan shayin da ya zube. Ban taɓa ganin an yi wa tebur irin wannan gata ba.

Da baƙin tabarau ya ci abincin, a cikin ɗaki. Wai ƙyallin gishirin tafkin ne ya gajiyar masa da ido. Da za mu koma ɗakunan masu askin tumaki inda muke kwana, ya jefa wa Hemi makullin a-kori-kura. Tun da na aure shi ban taɓa ganinsa a kujerar fasinja ba, ko ranar da ya karya yatsa shi ya kai kansa asibiti.

Na san abin da ya zo mini a rai. Ya daɗe da barin giya, kuma da ya bari bai waiwaya ba. Duk da haka na matso kusa na shinshina shi kamar wata karya, na kuma laluba ƙarƙashin kujerun mota. Babu komai sai bawon lemo. Na ji kunyar kaina.

Warwick lafiyarsa ƙalau. Gajiya ce.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Hemi nake zargi, gara in faɗa.

Kullum da yamma sai ya hau tudun nan na bayan tankin ruwa, inda waya ke samun layi, ya daɗe yana magana yana juya wa gida baya. Ya ce matarsa ce a Rotorua, garinsu. Wataƙila ita ce. Amma ban manta ba bara mutanen Turai sun neme shi aiki, ya je har can ya dawo ya ce abincinsu bai yi masa ba. Wa ya san abin da ya bari a can da abin da ya taho da shi? Mutumin da zai iya kunna na'ura ba makulli zai iya kwashe duk abin da ke cikinta ya aika.

Abin da ya ɗaure mini kai, in ɓarna yake yi, me ya sa take gyaruwa? Kullum haka: da yamma Warwick ya yi saiti ya lalace, da safe a same shi daidai. Wane irin maƙiyi ne wannan mai gyara?

Ni dai ba na ganin abin da ke gudana a ciki. Duk lokacin da aka kunna lesa, wurina waje ne, hula a kai, oba-oba a hannu, ina duban sama. In jirgin wasiƙa ko na masu kora shanu ya ɓullo, in danna jan maɓalli, don kada hasken ya shiga idon matuƙi. Suna ciki su uku da ƙofa a rufe, ni ina waje da ƙudaje.

Yau bayan na kulle na barbaɗa garin fulawa a bakin ƙofar kwantena, siriri, yadda ba za a lura ba. Mace mai digiri biyu tana barbaɗa fulawa kamar mai farautar ɓera.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe shida da rabi na safe

Sawun mutum biyu. Ɗaya na Hemi ne, ba mai ƙafa irin tasa a jihar nan. Ɗayan na san takalmin, ni na saye shi.

Da asuba na ji Warwick ya tashi, ya ce fitsari.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da la'asar

Ba aiki yau. Na je taya Merle ninke zannuwa, sai na ga farin akwatin magani a buɗe a kan firji, wanda likitocin da ke zuwa ta jirgin sama ke ba kowace gona, kowane magani da lambarsa. Ba a buɗe shi sai an buga wa likita waya ya faɗi lamba.

Na ce, "Wa ba shi da lafiya?"

Ta ce, "Karen nan, Biskit. Ƙaya ta shige masa ido."

"Likitan mutane kika kira saboda kare?"

"Ƙawata, a nan wa ya bambanta? Riƙe can gefen, kina ja mini zani a ƙasa."

Biskit yana kwance a ƙarƙashin tebur yana kallona da idanu biyu garau. Na ce mata ai ga shi ya warke. Ta ce maganin ne mai kyau. Daga nan ta shiga labarin farashin ulu ba ta fita ba sai da na tashi.

Har da Merle ke nan. Na dawo ina tafe ina jin kamar kowa a gonar nan an ba shi wata takarda ya karanta ban da ni. Abin ya yi mini ciwo, ba na ɓoyewa. Na ba waɗannan mutane shekaru ina hana su cutar da kansu, ladana shi ne in shiga ɗaki a yi shiru.

Warwick ya yi barcin rana da filo a kan fuska. Ya ce kansa ke ɗan sarawa. Lafiyarsa ƙalau.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na tare Tuyet a wajen wanki. Tunanin da ya hana ni sakat tun jiya shi ne wataƙila na'urar ba ta gyaruwa ko kaɗan, lambobin ne ake gyarawa. Ita ke riƙe da kwamfuta, ita kaɗai ta san abin da ke shiga da abin da ke fita. In haka ne, ranar da masu dubawa suka tsaya a kanmu za a yi mana tsirara.

Na faɗa mata kai tsaye, ban iya kwana-kwana ba.

Ta ajiye kwandon ta ce, "Raelene, ki ce mini komai amma kada ki ce mini maƙaryaciya. Lambobina ko ɗigo ban taɓa ba. Uwata ta yi shekaru tana ɗinki a gareji don in zo nan, ba don in zo in yi coge ba."

"To me ake yi da asuba a kwantenata?"

"Ki tambayi mijinki mana! Gado ɗaya kuke kwana."

Tana faɗa ta toshe baki. Sai ta ce ba haka take nufi ba, zafi ne, ƙudaje ne, ta kwashi kayan da ba su bushe ba ta tafi. Har ta kai ƙofa ta juyo, ido ya kawo ruwa, ta ce, "Don Allah ki bari sai bayan ran 21. Komai kike so ki tambaya, ki bari sai bayan nan."

Ban tambayi mijina ba. Ɗazu ya ce in karanta masa saƙon da 'yarmu ta aiko, wai ya bar tabaraun karatu a kwantena. Na karanta masa. Tabaraun yana aljihun rigarsa, ina ganin ƙafarsa ta leƙo.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da rana

Zafi. Guguwa da yawa. Ba wanda ya yi mini magana sai a oba-oba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Na samo ta. Suna shan shayin hantsi na kwance bayan akwatin da ake zura makullin na'urar, ga wata 'yar jar waya an haɗa baki biyu, an lanƙwasa ta da kyau an ɓoye a bayan sauran. Duk kwanakin nan ina yawo da makulli a wuya kamar sarƙar ado, ashe ba ya kulle komai.

Na kai ta teburin na ajiye a kan faifan biskit. Hemi bai ko yi musu ba.

"Tawa ce, Anti."

"Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

"Na sani."

"Wa kake aika wa?"

Ya dube ni kamar na mare shi. "Aika me? Haba Anti! Ni da na ƙi aikin mutanen Turai saboda tsohon nan?" Ya nuna Warwick da haɓa. Ya ce da asuba yake shiga ya koyi saiti, rufin sama a rufe, hasken ba ya fita waje, ba jirgin da ke cikin haɗari. Warwick yana tsaye a bayansa yana faɗa masa noti na nawa zai murɗa, shi yana murɗawa.

Na ce, "Tun yaushe Warwick ya fara koyarwa da baki? Mutumin da ko cokali ka riƙe ba daidai ba sai ya karɓa ya nuna maka?"

Warwick ya ce, "Tsufa ne, Rae. Dole in bar wa wani."

"Shi ya sa sai a ɓoye?"

"Da mun tambaye ki, da kin ce a cike takarda."

Gaskiya ne, da na ce. Na cire wayar, na sa kwaɗo a akwatin. Ya kamata in kai rahoto yau ɗin nan, ban kai ba. Na gaya wa kaina waya ba rauni ba ce, ba wanda ya ji ciwo. Na maimaita wa kaina wannan har sau da yawa a hanyar komawa ɗaki.

Asabar, 15 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Tun da na sa kwaɗo komai ya koma gidan jiya. Na ce su yi saitin da rana da sanina, ba ɓoye-ɓoye, Hemi ya murɗa in yana so. Yana murɗawa, yana kusantowa, amma ba ya kaiwa inda masu dubawa ke so. Da asuba iska a kwance take, ƙarfe a sanyaye, yana samu. Da rana kwantena na ɗaukar zafi, saitin yana zamewa, sai mai hannu da ido na gaske ke iya bin sa.

Matsalar saiti ke nan tun fil azal. Tabaraun kariya yana tare koren hasken gaba ɗaya, in ka sa shi ba ka ganin ɗigon da kake son saitawa. An ce a yi amfani da kati da kyamara, kuma suna yi, sai dai a hankali. Tsofaffin hannu kuwa suna da abin da suke kira leƙe: a ɗaga tabarau da yatsa, a rufe ido ɗaya, a duba ɗigon da ɗayan kamar ƙiftawa, a sauke. Duk wanda ka tambaya zai rantse bai taɓa yi ba. A kan leƙe muka fara faɗa da Warwick, tun kafin ya san sunana na biyu. Ya yi mini alkawari ranar da aka haifi 'yarmu cewa ya daina.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Ya daina.

Hemi ya daina ce mini Anti, yanzu Raelene ce. Tuyet ta ɗauke abincinta ta koma ci a mota.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da safe

Warwick ya yanke kansa wajen aski, gefen dama, wuri biyu. Na miƙa masa auduga. Ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Talata, 18 ga Nuwamba, ƙarfe biyu da rabi na rana

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi Warwick ya ce yau shi zai yi saitin da kansa, wasa ya ƙare. Suka shiga, na murɗa makulli, na fita wurina. Sama tas, ko tsuntsu babu. Ban taɓa barin wurina ba lesa na kunne, ko sau ɗaya a duk aikina. Yau na bari. Na zagaya ta baya inda ƙaramar tagar nan mai jan gilashi take, na leƙa.

Hemi yana tsaye ya juya baya, kamar wanda ba ya son ya zama shaida. Warwick ya sunkuya kan madubi. Na ga yatsansa ya tafi ga tabarau ya ɗaga. Wannan bai ba ni mamaki ba, ina jin na daɗe da sani. Abin da ya tsayar mini da numfashi shi ne yadda ya karkata kai. Da idon dama yake duba komai, kyamara, bindigar kawunsa, ramin makulli. Yau hagu ya kai.

Ban san lokacin da na danna jan maɓalli ba.

Ya fito yana faɗa, wai saura ƙiris, wane jirgi na gani? Na ce ba jirgi. Na ja shi bayan kwantena inda inuwa take, na cire masa tabarau, na ɗora tafin hannuna na rufe masa idon hagu.

"Dube ni. Me kake gani?"

"Rae, bar wannan wasan."

"Me kake gani, Warwick?"

Can ya ce, "Ina ganin hularki. Da kunnuwanki. Da kwalar rigarki, ga igiyar makulli."

"Fuskata fa?"

"Tsakiyar babu."

Larabar nan ce, 29 ga watan jiya. Wani noti mai ƙyalli ya maido masa da hasken. Ya ce ya ji wata 'yar ƙara a cikin idon, sai ja, sai wani baƙin abu ya zauna a tsakiya ya ƙi tashi. Ina waje a lokacin, taku kaɗan tsakaninmu, ina gadin idon matuƙan jirgin da ban sani ba. Ya fito ya ce mini yunwa yake ji, muka je muka ci abinci.

Na ce, "Shi ne yanzu za ka kai ɗayan?"

Ya yi wannan murmushin nasa. "Ai shi ya sa aka ba mutum biyu."

Da ina da ƙarfi da na mare shi. Zama na yi a ƙasa, cikin gishiri.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Sun zo mini ɗaya bayan ɗaya, kamar masu gaisuwar mutuwa.

Merle ta ce ta gaya wa likita ƙura ce ta shiga idon wani baƙo, ya ba ta lambar maganin ɗigawa. Ta ce ta yi ta yi da shi ya tafi gari ya ƙi, kuma ba ta ga hurumin shiga tsakanin miji da mata ba. Tuyet ta ce abin da ya faru ya riga ya faru, rufe na'ura ba zai dawo da idon ba. Hemi ya ce laifinsa ne, a rubuta sunansa, a kore shi, amma bayan Juma'a.

Warwick ya zo daga ƙarshe. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Zuwa Juma'a kawai, Rae. Ba zan ƙara roƙon ki komai ba. Ki bar ni in ga Tsohuwa ta ci jarrabawa, daga nan ki kai ni duk inda kike so, ki rubuta duk abin da kike so."

"Hemi zai iya kai saitin inda ake so?"

"Zai kusa."

"In bai kai ba fa? Ranar Juma'a, suna tsaye a waje da takardunsu, saiti ya zame. Za ka ɗaga tabarau ko ba za ka ɗaga ba?"

Ya juya fuska gefe.

"Ka ce mini ba za ka ɗaga ba."

"Kin san ba na yi miki ƙarya."

"Mako uku kana yi mini."

"Ban faɗa ba ne kawai. Wannan kuwa kin tambaya."

Na so ya yi mini ƙaryar. Da ya ce ba zai ɗaga ba, ina jin da na karɓa na riƙe, na yi shiru zuwa Juma'a kamar sauran. Ina son Tsohuwa ta tafi, ni ma shekaruna suna cikinta, ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Kwaɗo ba zai hana su ba, wanda ya yi waya ɗaya zai yi ta biyu, kuma ba zan iya tsayawa waje da ciki lokaci guda ba.

Na hau tudun bayan tanki. Likita na fara kira, na faɗa masa gaskiyar abin da ya shiga idon da ranar da ya shiga. Ya ce me ya sa sai yanzu. Sannan na kira ofis na faɗi kalmomin da doka ta ce a faɗa. Daga tudun ina hango su su uku a bakin kwantena, ba wanda ya ɗago.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da hantsi

Jirgin likita ya sauka a filin Merle bayan ta kori tumaki. Warwick ya yi sallama da kowa, har da kare. Ya shiga kwantena shi kaɗai ya ɗan jima, ya fito. Da zai hau matakala na kai hannu in riƙe shi, ya kama ƙarfen gefe.

Ba wuri a jirgin sai na majinyaci da ma'aikaciyar jinya. Ni zan bi ta mota. Kafin in tafi na manna jar takarda a ƙofar kwantena na sa hannu. Hemi ya ɗora mini jaka a baya, ya duba tayoyi da ruwa, bai ce komai ba sai "Ki kula da kangaru masu tsallaka hanya bayan magariba."

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da rana

Masu dubawa sun fasa tahowa. An aiko da saƙo mai ladabi. Gurbin ya tafi Turai.

Asabar, 22 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma, asibiti a Adelaide

Sun yi aikin idon jiya, sun kwashe jinin da ya taru. Likitar ta ce gefe-gefe zai dawo, tsakiyar kuwa kada mu sa rai. Da an zo da wuri ko da bambanci, ta ce ba ta sani ba, kuma na ga ba ta son in sake tambaya. Na hagun lafiya lau, ta duba shi sau biyu don na matsa mata.

Tun Laraba bai yi mini magana ba. Yana yi wa masu jinya barkwanci, ya yi wa 'yarmu waya, ya tambayi mai kawo abinci sunan garinsu. Ni in na shigo sai ya nemi wani abu a bango. Labarin gurbin ni na faɗa masa jiya, ya gyaɗa kai kawai.

Kujerata a gefen dama na ajiye ta, wajen bandejin. Na gaya wa kaina can ne kusa da taga. Gaskiya ita ce a can ba ya ganina, ni kuma ba sai na ga yadda yake kallona ba. Na zauna yau tun safe ina riƙe da jaridar da ban karanta ba. Aka kawo shayi, ya lalubi kofin da kansa, ya sha rabi ya ajiye.

"Rae."

"Na'am."

"Ɗauko kujerar nan ki dawo hagu."

Na ce nan ma ya yi, ba na son in tare wa masu jinya hanya.

"Ban yafe miki ba," ya ce. "Ban san ranar da zan yafe ba. Amma tun da kin bar mini ido ɗaya, dawo inda zan ga wadda nake fushi da ita."

Na ɗauki kujerar na zagaya.